Tsirrai Masu Jijiya da Danginsu

Darasin sanin halitta

Kayan aiki: ɗanyen karan dawa, tsiron wake da tsiron hatsi da saiwarsu, ganyen kuɓewa, soson wanka, ƙwayar wake da ta masara da aka jiƙa tun jiya, kwalba, jar tawada, leda, zare da reza. Malam kaɗai ke riƙe reza.

1. Mu lura

Yara, ku dubi gindin randa ko bakin rijiya, inda ruwa ke zuba kullum. Za ku ga wata aba kore mai santsi ta manne a wurin. Sunanta gansakuka. Ku kankaro ta da farce ku duba. Ba ta da saiwa, ba ta da kara. Da duk jikinta take shan ruwa, kamar tsumma. Saboda haka ba ta tsawo, kuma ba ta nisa da danshi.

Yanzu ku tuna da giginya. Tsawonta yakan wuce mita 20. Ruwa yana ƙarƙashin ƙasa, ganyenta yana can sama. Ba guga, ba igiya, ba famfo. To, ta yaya ruwa ke hawa?

Amsar tana cikin karan dawa. Malam zai yanka shi a gicciye. Ku dubi bakin yankan da kyau. Akwai ɗigo-ɗigo barbaje cikin totuwa. Ku tsaga karan a tsaye, ku ja ɗigo ɗaya. Zai fito kamar zare. Kowane zare dami ne na ƙananan bututu, waɗanda suka fi gashin kai siranta. Su muke kira jijiya. Suna cikin tuƙar da kuke tofarwa in kun sha rake. Soson wanka ma jijiyoyi ne da suka rage bayan ɗan soso ya bushe.

A wasu garuruwa ana ce wa saiwa jijiya. A wannan darasi, saiwa ita ce gaɓar da ke cikin ƙasa. Jijiya kuwa bututun da ke cikin jikin tsiro ce.

Duk tsiron da ke da irin wannan bututu, sunansa tsiro mai jijiya. Hatsi, dawa, wake, gujiya, albasa, gawo, kuka, har da ƙarangiya, duk masu jijiya ne. Masana sun ƙidaya fiye da iri 300,000 a duniya. Tuwonmu da miyarmu, harawar dabbobinmu, iccen girki da azarar ɗaki, duk daga gare su suke.

2. Gaɓoɓi uku

Tsiro mai jijiya yana da manyan gaɓoɓi uku: saiwa, kara da ganye.

Saiwa tana riƙe tsiro kada iska ta tumɓuke shi. Tana kuma tsotso ruwa da gishirin ƙasa. Kusa da bakin kowace ƴar saiwa akwai gashi fari mai laushi. Wannan gashi shi ke shan ruwa. In za ku dasa icce, ku ɗauko shi da ƙasar gindinsa, don kada gashin ya tsinke.

Wata saiwar tana tafiya nesa ƙwarai. Da can akwai wani iccen kandili shi kaɗai tilo a tsakiyar hamadar Tenere. Ayarin raƙuma masu zuwa Bilma da shi suke gane hanya. A lokacin sanyin 1938 zuwa 1939 aka haƙa rijiya kusa da shi. Sai aka tarar saiwarsa ta kai ga ruwa a zurfin da ya wuce mita 30. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. An kai gangar jikinsa gidan tarihi na ƙasa a Yamai.

Kara yana ɗaga ganye sama wajen haske. Shi ne kuma gadar da ke tsakanin saiwa da ganye. Karan icce shi muke kira ganga da rassa.

Ganye shi ne madafin tsiro. Cikinsa akwai wani abu mai launin kore da ke kama hasken rana. Da wannan haske ganye ke haɗa ruwa da iskar karbon, ya yi sukari. Yana cikin wannan aiki yana fitar da oksijan, iskar da mu da dabbobi muke shaƙa. Ku ɗaga ganyen kuɓewa wajen rana. Layukan da kuka gani, su ne jijiyoyinsa.

3. Hanyoyi biyu

Jijiyoyin tsiro iri biyu ne, kowace da aikinta.

Ta farko ita ce jijiyar ruwa. Tana ɗauko ruwa da gishirin ƙasa daga saiwa, ta kai su ga ganye. Tafiyarta sama take yi kawai. Bangonta yana da tauri. A jikin icce, tarin waɗannan jijiyoyi shi ne katako.

Me ke jan ruwan? Ku tuna da fitilar ƙwai. Wuta tana cin kananzir a sama, lagwani yana jawo wani daga ƙasa. Haka tsiro yake. A jikin ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Zafin rana yana fitar da ruwa ta ƙofofin, ya zama tururi. Duk ɗigon da ya fita sai ya ja na bayansa, na baya ya ja na bayansa, har zuwa saiwa. Cikin lita 100 da tsiro ya sha, fiye da 90 ta ganye suke fita. Da wannan ja ruwa ke hawa kan itatuwa mafi tsawo a duniya, waɗanda ke Kalifoniya ta Amurka. Akwai wanda ya wuce mita 115.

In ruwa ya yi ƙaranci, tsiro yakan rufe ƙofofinsa. Kun taɓa ganin ganyen masara ko na dawa ya naɗe da tsakar rana lokacin fari? Tattalin ruwa yake yi.

Ta biyu ita ce jijiyar abinci. Tana kwasar sukarin da ganye ya dafa, ta rarraba wa gaɓoɓin da ba su dafa nasu. Tana kai wa saiwa a ƙasa, tana kai wa fure da toho a sama. Abin da ya rage sai tsiro ya yi ajiya. Rake a kara yake ajiya. Rogo da dankali a saiwa. Hatsi a zangarniya. Tuwon da kuka ci jiya, ta wannan siririyar hanya ya shiga ƙwayar hatsi.

4. Abin da ke kashe icce a tsaye

A jikin icce, jijiyar ruwa tana ciki. Jijiyar abinci kuwa tana cikin ɓawo, daga gefensa na ciki. Tsakaninsu akwai wani fallen nama mai santsi. Ku ɓare ɓawon ɗanyen reshe, ku shafa: za ku ji damshi da santsi. Wannan falle shi ke sa icce kauri. Kowace shekara yana yin sabon katako ta ciki, da sabuwar jijiyar abinci ta waje. Mai auren mangwaro, in ya haɗa rassa biyu, santsin wannan yake haɗawa da santsin wancan. In ba su haɗu ba, auren ba ya kamawa.

Tsohon katakon da ke tsakiyar ganga ya daina ɗaukar ruwa. Shi ya sa icce mai kogo yake rayuwa shekara da shekaru, yana toho, yana ƴaƴa.

Amma ku lura da wannan. In aka kwashe ɓawon icce zagaye da ganga, ko da faɗin tafin hannu ne, an yanke hanyar abinci. Ruwa zai ci gaba da hawa ta ciki. Ganye zai zauna kore na ɗan lokaci, har mutum ya ce ba abin da ya faru. Ita kuwa saiwa tana can ƙasa da yunwa. In ajiyarta ta ƙare sai ta mutu. Daga nan ruwa ya daina hawa, icce ya bushe a tsaye.

Da haka madaci da yawa suka mutu a hannun masu neman magani. Da haka awaki ke kashe ƴan itatuwan da muka dasa, in sun gaigaye ɓawonsu. Wanda zai ɗebi sassaƙe, ya ɗiba kaɗan, a tsaye, ta gefe guda, ya bar sauran, ya shafe wurin da laka. Ɗan icce kuwa a kewaye shi da ƙaya.

Kuka ta fita dabam. Ana ɓare ɓawonta a yi igiya, ta sake yin wani. Itatuwa kaɗan ne ke iya haka.

5. Ɓarayin jijiya

Akwai tsirrai da ke shan ruwan wasu. Kowane manomi ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ƙwayarsa ƙanana ce kamar ƙura. Tana kwance cikin ƙasa har sai saiwar hatsi ko ta dawa ta zo kusa. Sannan ta tsira, ta huda saiwar, ta haɗa jijiyarta da ta hatsi. Tun bai fito fili ba yake sata. Hatsi ya ƙanƙance, ya yi rawaya, ko da an yi ruwa.

Gindin ƙuduji ɗaya yakan zuba ƙwaya har 50,000. Ƙwayar tana iya jira fiye da shekara 10 cikin ƙasa. Saboda haka a tumɓuke shi tun bai yi fure ba. In ya riga ya yi, a fitar da shi daga gona a ƙone. Furensa ja-ja yana da kyan gani, amma kada ku yi wasa da shi a kan hanya, don kuna shuka shi ne.

Kauci ma ɓarawo ne. Tsuntsu ke manna ƙwayarsa a reshe. Sai ta tsira, ta shiga jijiyar ruwan iccen. Maganinsa a sare reshen da ya kama.

6. Manyan rukunai uku

Makiyayi ya san dabbobinsa: ga shanu, ga tumaki, ga awaki. Haka masana suka rarraba tsirrai masu jijiya. Abin da suka fara dubawa shi ne yadda tsiro ke haihuwa.

Rukuni na ɗaya: marasa ƙwaya. Ba su fure, ba su ƴaƴa. A jikin ganyensu akwai ƴan jakunkuna cike da wani gari mai laushi. Garin ya faɗi wuri mai danshi, daga nan sabon tsiro ke samuwa. Da Faransanci ana ce wa mafi yawansu fujer. Sun fi iri 10,000. Danshi suke so, shi ya sa ba su da yawa a ƙasarmu. Ana samun su a bakin maɓuɓɓugan duwatsun Abzin, da cikin wasu tafkuna. Amma da can su da danginsu sun yi manyan dazuzzuka. Gawayin ƙasa da ake haƙowa a Anu Araren, kusa da Cirozerin, ragowar dazuzzuka ne na fiye da shekara miliyan 300 da suka wuce.

Rukuni na biyu: masu ƙwaya tsirara. Suna da ƙwaya, amma ba ta cikin ɗa. A fili take, kan wasu ɓawo-ɓawo masu tauri. Ba su wuce iri 1,000 da ƴan kai ba. Yawancinsu itatuwan ƙasashen sanyi ne, masu ganye kamar allura. Dogayen itatuwan Kalifoniya cikinsu suke. Muna da maƙwabci ɗaya daga wannan rukuni. A duwatsun Tasili na kudancin Aljeriya, kusa da garin Janet, akwai iccen da Buzaye ke kira tarut. Waɗanda suka rage a can ba su kai 250 ba. Wasunsu sun haura shekara 2,000.

Rukuni na uku: masu fure. Ƙwayarsu tana rufe cikin ɗa. Cikin tsirrai masu jijiya 10, fiye da 9 masu fure ne. Duk abin da muke nomawa a nan yake.

Fure shi ne gaɓar haihuwa. Yana da sashen namiji mai fitar da ƙura, da sashen mace mai karɓar ta. Iska ko zuma ko wani ƙwaro ke kai ƙurar. In ta isa, gindin furen ya kumbura ya zama ɗa, ƙwaya tana ciki. Hatsi ma yana fure, ƙanana ne a jikin zangarniya. A wajen dabino, namiji dabam, mace dabam. Masu lambu a Ingal da Kawar sukan hau da kansu, su sa furen namiji cikin na mace, don dabino ya yi ƴaƴa da yawa.

7. Ɓari ɗaya da ɓari biyu

Ku ɗauki ƙwayar wake da aka jiƙa. Ku cire fatar, ku matsa. Ta rabu biyu, kamar goro. Kowane rabi sunansa ɓari. Tsakanin ɓarin akwai ɗan tsiro kwance. Yanzu ku gwada da masara. Ba ta rabuwa, ɓarinta ɗaya ne. Da wannan aka raba masu fure kashi biyu. Ga alamomin gane su.

Masu ɓari ɗaya, kamar hatsi: saiwarsu tarin zare ce kamar gemu. Ganyensu dogo ne, jijiyoyinsa suna tafiya a jere. A cikin kara jijiyoyin a barbaje suke. Sassan furensu uku-uku ne ko shida-shida, kamar na albasa.

Masu ɓari biyu, kamar wake: suna da uwar saiwa mai nutsewa, da ƴaƴanta a gefe. Jijiyoyin ganyensu sun sarƙe kamar raga. A cikin kara jijiyoyin sun yi zobe. Sassan furensu huɗu-huɗu ne ko biyar-biyar, kamar na kuɓewa.

Kada ku yanke hukunci da alama ɗaya. Gwandar daji ɓari biyu gare ta, amma furenta uku-uku ne. Masana na yau sun ware ta, ita da bado, sun ce zuriyarsu ta tsufa, ta rabu da sauran tun da wuri.

8. Dangi huɗu da muka sani

Cikin kowane kashi akwai dangi-dangi. Ga huɗu da ke kewaye da mu.

Dangin ciyawa. Masu ɓari ɗaya ne. Karansu gaɓa-gaɓa yake. A nan hatsi yake, da dawa, masara, shinkafa, alkama, rake, gamba da gora. Sun fi iri 11,000. Ganyen ciyawa daga gindi yake girma. Shi ya sa in tunkiya ta ci kansa, yake sake fitowa. Aya tana kama da ciyawa, amma ku murza karanta: kusurwa uku gare shi. Danginta dabam ne.

Dangin dabino. Su ma masu ɓari ɗaya ne. Ga dabino, ga giginyar Dallol Mawri ta wajen Gaya, ga goribar Gulbin Kaba. Ba su da fallen nan mai santsi da ke ƙara kauri kowace shekara. Sama suke yi, shi ya sa ake cewa inuwar giginya, na nesa ka sha. Baƙaƙen zaruruwan da ke cikin azara jijiyoyi ne masu tauri, gara ba ta cin su da sauƙi. Giginya da dabino wurin toho ɗaya gare su, can a ƙoli. In aka sare shi, iccen ya mutu.

Dangin wake. Masu ɓari biyu ne. Alamarsu kwanso mai ƙwaya a jere. Ku ajiye kwanson wake kusa da na gawo, da na bagaruwa, da na tsamiya, da na kalgo, da na tafasa. Kun ga kama? Duk dangi ɗaya ne, kusan iri 20,000. Gujiya ma cikinsu take. A sama take fure, sannan gindin furen ya sunkuya ya shiga ƙasa ya yi kwanso.

Ku wanke saiwar wake ku duba. Akwai ƴan ƙulle-ƙulle a jikinta. Wannan ba cuta ba ce. Cikinsu akwai ƙananan halittu da ake kira bakteriya. Suna kamo azot daga iska su ba tsiro, shi kuma ya ba su sukari. Azot shi ne abin da manomi ke saye da kuɗi cikin takin ure. Wake da gujiya da gawo da bagaruwa suna da wannan baiwa. Tsamiya da kalgo ba su da ita, ko da yake dangi ne. Yanzu kun gane dalilin da ya sa iyayenmu ke shuka wake tsakanin hatsi.

Gawo kuma yana da wani hali nasa. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi toho. Hatsin da ke gindinsa ya samu taki, ya samu rana. Da rani dabbobi su samu inuwa da kwanso, su bar kashi a wurin. Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin yadda sarakunan da suka hana sare gawo, da horo mai tsanani ga wanda ya sare.

Dangin kuka. Ga tambaya: me ya haɗa miyar kuka da ta kuɓewa da ta lalo? Duk suna yauƙi. Dangi ɗaya ne. Rama da yakuwa da auduga da goro ma cikinsu suke. Ku gwada furen kuɓewa da na auduga da na rama, za ku ce uwa ɗaya ta haife su. Ɓawon da yawansu yana ba da igiya. Kuka ƙatuwa ce, lalo ɗan ƙarami, amma girma ba shi ke nuna dangi ba. Fure da ɗa da ƙwaya ke nunawa.

9. Suna biyu

Icce ɗaya, suna da yawa. Mu mu ce kuka, Bafaranshe ya ce bawobab, Bazabarme da Babarbare da Bafulatani kowa da nasa. Don kada a ruɗe, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Karl Line ya fitar da littafi a 1753. A ciki ya ba kowane tsiro suna biyu da harshen Latin. Na farko sunan gida ne, na biyu sunan iri. Iri masu kama su ke yin gida, gidaje masu kama su yi dangi.

Kuka ita ce Adansonia digitata. An sa mata sunan Mishel Adanson, Bafaranshen da ya je Senegal a 1749 ya yi nazarinta. Ɗorawa ita ce Parkia biglobosa, daga sunan Mungo Park, wanda ya bi kogin Kwara ya mutu a Busa a 1806. Gawo shi ne Faidherbia albida. Wake shi ne Vigna unguiculata. Kakanninmu sun san waɗannan itatuwa da amfaninsu tun kafin a rubuta sunayen. Amfanin sunan Latin shi ne, malamin gona na Maraɗi da na Indiya su san tsiro ɗaya suke nufi.

Rabon yakan canza in ilimi ya ƙaru. Tun daga 1998 masana ke tsara dangin masu fure ta hanyar binciken ƙwayoyin gado da ke cikin jikinsu. Da haka kuka da lalo da goro suka koma dangi ɗaya da kuɓewa. Tsofaffin littattafai suna kiran hatsi Pennisetum glaucum. A 2010 aka mai da shi gida ɗaya da ƙarangiya. Hatsi ya zama Cenchrus americanus, ƙarangiya kuwa Cenchrus biflorus. Ashe mai cika rumbu da mai kama wando ƴan gida ɗaya ne. Tsofaffi ba za su yi mamaki ba, don a shekarun yunwa an sussuka ƙarangiya an ci ƙwayarta. Naman kaza kuwa an fitar da shi daga cikin tsirrai, don ba ya dafa abincinsa da hasken rana.

10. Kututture mai rai

In an sare icce mai ɓari biyu, kamar sabara ko kalgo ko gawo, sau da yawa saiwarsa ba ta mutu ba. Tana nan da ajiyar abinci, ta kuma riga ta kai ga ruwa. Shi ya sa kututture ke fitar da toho kowace shekara. Da, manoma sukan sassabe tohon duka su ƙone. Bayan farin 1984, manoman jihar Maraɗi da yawa suka sauya dabara. Sai su zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, su bar su, su rage sauran. Ana kiran wannan sassabin zamani. Tohon yana girma da sauri fiye da dashe, domin tsohuwar saiwa ke shayar da shi. A 2009 masu bincike sun ƙiyasta cewa an raya icce kusan miliyan 200 a gonaki hekta miliyan 5 na Nijar ta wannan hanya.

Ranar 3 ga Agusta muna dasa itatuwa. Dashe yana da kyau, amma sai an bi shi da ban ruwa da kariya. Ku nemi kututture mai toho a gonarku, ku roƙi baba ya bar muku shi ku raya.

Mu gwada

a) Ku zuba ruwa a kwalba, ku ɗiga jar tawada. Ku sa ɗanyen karan dawa mai ganye a ciki, ku ajiye a rana. Gobe malam ya yanka karan. Ina ne ya yi ja? Wace jijiya ce wannan?

b) Ku rufe reshe mai ganye da leda, ku ɗaure bakinta da zare. Ku rufe wani reshen da aka cire wa ganye. Bayan awa 2 ku duba. Wace leda ta yi gumi? Don me? In kun gama ku kwance ledar, kada ku yar da ita a fili.

c) Ku shuka wake da masara cikin gwangwani biyu. Bayan kwana 10 ku tumɓuke su, ku zana saiwarsu da ganyensu.

Mu riƙe

Tsiro mai jijiya yana da saiwa, kara da ganye. Jijiyar ruwa tana kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. Jijiyar abinci tana rarraba sukari daga ganye zuwa sauran jiki. Wanda ya zagaye ɓawon icce ya kashe shi. Masu jijiya rukuni uku ne: marasa ƙwaya, masu ƙwaya tsirara, da masu fure. Yawancin masu fure ko dai masu ɓari ɗaya ne, ko masu ɓari biyu.

Tambayoyi

1. Me ya hana gansakuka tsawo?
2. Me ya sa icce mai kogo ke rayuwa, wanda aka zagaye ɓawonsa kuwa ya mutu?
3. Yaushe ya kamata a tumɓuke ƙuduji? Don me?
4. Ku raba waɗannan kashi biyu: shinkafa, gujiya, goriba, yakuwa, albasa, tsamiya, rake, auduga.
5. Me ya haɗa gawo da wake?
6. Me ya sa tohon kututture ya fi dashe saurin girma?

Aikin gida

Ku tambayi kaka ko wani dattijo sunayen itatuwa 5 da ke da yawa a garinku sa'ad da yake yaro. Waɗanne suka rage? Waɗanne suka ɓace? Ku rubuta, ku kawo ganyen waɗanda kuka samu.

Kalmominmu da Faransanci

saiwa: la racine
kara: la tige
ganye: la feuille
ɓawo: l'écorce
jijiya: le vaisseau
fure: la fleur
ƙwaya: la graine
ɓari: le cotylédon
dangi: la famille
tsiro mai jijiya: la plante vasculaire